Makarantar La'asar a Bakin Tekun Baguida

Ruwan farko yakan sauka a Lome tun cikin watan Maris ko farkon Afrilu, lokacin da mutanen Kano da Maradi ke tsakiyar zafin bazara suna duban gabas ko hadari zai taso. Kafin a yi mako biyu da saukarsa, fegin da ba a gina ba, da gefen titi, da bayan katangar makaranta, duk sun canza kama. Albasar kwaɗi, wadda ta kwana watanni a ƙarƙashin ƙasa kamar ta mutu, sai ta turo kara ta buɗe fararen furanni masu ratsin ja. Kwaɗi su cika kududdufai da kuka, shinge ya fito daga suri ya rufe fitilun titi. Duk wannan yana faruwa a ƙofar gidan Bahaushen da ke zaune a Baguida, amma da wuya ka sami yaron da zai iya kiran sunan biyar daga cikin tsirran da yake takawa a hanyarsa ta zuwa makaranta. Ra'ayin da nake so in kare shi ne, magidancin da ya ɗauki iyalinsa bayan sallar la'asar, ko sau ɗaya a mako, suka taka a ƙasa suna duban abin da Allah ya tsirar da abin da ke yawo a cikinsa, yana ba 'ya'yansa abin da kasuwa da lakwal da Islamiyya duk ba su bayarwa: sanin ƙasar da aka haife su a kai, irin sanin da ke mayar da baƙo ɗan gari.

Maganar baƙunta ba ƙarama ba ce ga mutumin zango. Baguida, wadda ke gabas da Lome a kan hanyar Aneho, ita ce mazaunin farko na mulkin Jamus a Togo. A nan Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar 5 ga Yuli 1884, a nan kuma hukumar Jamusawa ta zauna har 1887, kafin ta koma Sebe kusa da Aneho, daga can ta koma Lome a 1897. Ƙaramar rundunar 'yan sandan da suka kafa a 1885 da Hausawa aka fara ta. Ke nan ƙafar Bahaushe ta taka wannan rairayi tun kafin Lome ta zama babban birni. Duk da haka a 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutanensa zuwa arewa, inda ake kira Agoe-Zongo a yau, wasu kuma daga baya suka bazu cikin sababbin unguwanni har zuwa gabas. Jama'ar da ta yi kusan shekara ɗari a wuri, amma aka iya tashinta cikin 'yan kwanaki, tana da dalilin tambayar kanta me ya ɗaure ta da ƙasar banda takardar fili. Mutumin zango ya san farashin shanu da na atamfa, ya san limamin kowane masallaci, ya iya Hausa da Mina da Faransanci. Abin da ya fi ƙaranci a iliminsa shi ne ƙasar kanta, don kakansa da ya zo fatauci bai zo da niyyar noma ba, jikan kuma ya tashi tsakanin siminti da kwalta.

Wani zai ce ai uban ma bai san tsirran kurmi ba, yaya zai koyar da abin da bai sani ba? A nan ne Baguida ta yi wa Bahaushe gata. Kurmin Afirka ta Yamma, wanda ya taso daga Saliyo ya ratsa Laberiya da Kwaddibuwa da yammacin Gana, yana yankewa daga wajen Akara har kudancin Benin, sa'an nan ya sake haɗewa a kudancin Najeriya. Masana na kiran wannan yankewa giɓin Dahomey. Dalilinsa biyu ne: gaɓar tekun a nan ta miƙe kusan daidai da hanyar iskar da ke ɗauko damshi, don haka iskar takan wuce ta gefe ba ta zubar da ruwa sosai ba, sa'an nan daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ya hana hadari haɗuwa. Shi ya sa ruwan da Lome ke samu a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, wato bai yi nisa da na Kano ba, alhali Legas tana samun kusan ninkinsa. Sakamakon haka dajin arewa ya gangaro har bakin teku. Kuka tana nan, giginya tana nan, tumfafiya ta cika kangwaye, lalo da gasaya suna fitowa da kansu a gefen lambuna. Dattijuwar da ta girma a karkarar Sakkwato ko Dogonduci, in aka fita da ita, za ta gane rabin abin da ke gabanta ba tare da littafi ba, ta kuma faɗi wanda ake miya da shi da wanda ake jiƙa wa mai jego. Ilimin yana cikin gida, kwance a bakin kaka, abin da ya rage kawai a kai ta inda tsiron yake tare da jikokinta.

Abu na farko da yaro zai koya a irin wannan fita shi ne ba kowane kore ne ɗan ƙasa ba. Darbejiyar da ta yi wa titunan Lome inuwa daga Indiya aka kawo ta. Itacen nan mai jan fure kamar gobara, wanda ke ƙawata gari a farkon damina, asalinsa Madagaska. Ciyawar ruwa mai shuɗin fure da ke toshe tafkunan Lome daga Kudancin Amurka ta zo, kuma duk kyanta annoba ce, tana shaƙe kifi tana hana kwalekwale wucewa. 'Yan asalin wurin ba su cika tallar kansu ba, sai an sunkuya: balasa mai ɗan shuɗin fure a wuri mai laima, albasar kwaɗi a fadama, da baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, mai hawa kan sarƙaƙiya idan damina ta kankama, furensa ja da rawaya a murɗe. A kan rairayin bakin teku kuma akwai ɗan'uwan duman kada, mai yaɗo kamu da yawa a kan yashi, ganyensa a tsage kamar kofaton akuya, furensa ruwan hoda mai duhu. Gishiri ba ya kashe shi, saiwarsa kuma tana riƙe yashi kada iska ta kwashe.

Gaskiya ne, wanda ya fita da yamma zai tarar da yawancin waɗannan furanni sun rufe, don balasa da duman bakin teku na safe ne, rana na yin tsaka suke yanƙwanewa. Amma yamma tana da nata. Bado a tafki sai da faɗuwar rana yake fara buɗewa, ya kwana a buɗe har hantsi. Furen kuka, fari ƙato mai reto a kan doguwar igiya, yana tsagewa ne daf da magariba, a kan idon mai kallo, ya saki wani wari da mutum ba ya so amma jemage ke bi daga nesa. Jemagun nan masu cin 'ya'yan itace, da ke kwana dubbai a kan manyan itatuwan unguwar ma'aikatu a Lome, su ne ke kai ƙurar fure daga wannan kuka zuwa waccan, su ne kuma ke yaɗa irin itatuwa zuwa wurare masu nisa. Yaron da aka nuna wa wannan sau ɗaya ya fahimci cewa kwalba da nono da ake yi da garin kuka suna da alaƙa da halittar da yake jifa da dutse, kuma babu zanen allo da zai zaunar masa da wannan a kai kamar ganin ido.

Tsuntsaye sun fi sauƙin gani, kuma labarinsu ya fi kusa da zuciyar ɗan zango. Shirwar da ke shawagi a kan mahauta da juji a Lome duk tsawon rani, da ruwa ya kankama a kudu sai ta ragu, ta bi gaban damina ta yi arewa, ta sauka ƙasar Hausa daidai lokacin da ake shuka, ba ta dawowa sai kaka. Tafiyarta kamar ta fataken dā ce da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, lokaci ne ke tashinta, abinci ne ke saukar da ita. A bakin ruwa kuma, inda masunta ke jan koma, akwai fararen tsuntsayen teku masu tsinin fiffike da ke faɗawa ruwa da ka su cafko ƙananan kifi, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu bin igiyar ruwa da gudu idan ta janye, su juyo da gudu idan ta dawo. Da yawansu a Turai da can ƙarshen arewacin duniya suke ƙyanƙyasa, hunturu ke koro su nan, kuma a watannin Maris da Afrilu suke shirin komawa. Wanda ya juya baya ga teku ya nufi arewacin Baguida, wajen fadamar kogin Zio da ke malala cikin tafkin Togo, zai ga balbela tana komawa makwanci layi-layi, ya ga zalɓe tsaye a ruwa, ya ji ragon maza yana buga muryarsa daga cikin ciyawa. Wannan yanki yana cikin dausayin gaɓar Togo da aka sa a jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya a 2008, abin da mafi yawan masu wucewa ta wurin a kan baburan haya, wato zemijan, ba su taɓa ji ba.

Ƙananan dabbobi su ne abin tausayi. Yaron gabashin Lome ya fi yiwuwa ya fara ganin bushiya da hawainiya a bushe, a jere kan tebur a kasuwar Akodesewa inda ake sayar da kayan tsafi, kafin ya gan su da rai. Guza da damo, in sun yi kuskuren leƙowa, sanda ce rabonsu. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta ji tsoro, wadda ba ta da dafi ko kaɗan, wasu maƙwabta masu addinin gargajiya na girmama ta, 'yan kasuwa na fitar da ita zuwa Turai da Amurka har Togo ta shiga sahun gaba a wannan ciniki, yaron zango kuwa abin da ya sani game da ita shi ne a kashe. Ba na cewa a hana yaro danƙo da wa'azi, don wa'azi bai taɓa raba yaro da danƙo ba. Abin da ke rage ɓarnar shi ne ya taɓa tsugunawa kusa da ubansa ya kalli jan gwada yana gyaɗa kai a kan katanga, ko ƙaguwar rairayi tana fitar da yashi daga raminta, har ya fara tambayar me take ci, ina take kwana.

Suka mafi yawa da za a ji a majalisa ita ce wannan aikin Turawa ne da marasa abin yi, mutumin kirki ba ya yawon kallon ciyawa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Lokacin da likitan nan ɗan Birtaniya J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ba shi ya raɗa sunayen ba, daga bakin manoma da makiyaya da wanzamai da masu magani ya kwashe su, ɗaruruwa. A ƙasar Togo ta Jamus ma, jami'in nan Adam Mischlich da ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906 ya dogara ƙwarai da Imam Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rubuta masa bayanai masu yawa a kan rayuwar ƙasar Hausa. Bature ya zo ya tarar da ilimin ne ya rubuta, mu kuma muka bar shi ya zube har muka fara ɗaukarsa nasa. Abin da ya canza shi ne dā yaro yana samunsa a hanyar gona da kiwo da ɗebo itace, ba tare da kowa ya shirya masa ba. Yanzu babu gona babu kiwo, gas da gawayi sun maye itace, don haka abin da ke zuwa da kansa dole a ware masa lokaci. Ga kuma amfani na kusa: idon zakara, ɗan jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da yara ke sha'awar tarawa, in aka tauna shi yana iya kisa, zaƙami yana haukatarwa, saiwar baurairai dafi ce, nonon tumfafiya yana ɓata ido. Uwar da ta nuna wa ɗanta waɗannan a inda suke tsirowa ta yi rigakafin da ba a sayarwa a kantin magani. Ta fuskar addini kuwa ba a buƙatar dogon bayani, kowane almajiri ya san sau nawa aka umarci mutum ya dubi yadda ake rayar da ƙasa bayan mutuwarta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta lokaci da haɗari, kuma ba ta wasa ba ce. La'asar lokacin Islamiyya ne, lokacin cinikin yamma ne, uwa kuma tana kan tukunya. Sa'an nan akwai hadisi ingantacce da ya yi umarni a tsare yara a gida idan duhu ya fara shigowa, kuma a Lome duhu ba ya jira: rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, cikin minti ashirin gari ya rufe. To amma tsakanin la'asar da magariba akwai fiye da awa biyu, awa ɗaya ta isa, kuma ranar Alhamis ko Juma'a da makarantun allo ke hutu, ko Lahadi da kasuwa ke sanyi, tana nan. A dawo kafin kiran salla, an bi hadisin, an kuma riga sauron zazzaɓi fitowa. Maciji gaskiya ne, akwai gamsheƙa akwai kasa, maganinsu takalmi rufaffe, da bin turba, da hana yaro zura hannu a rami. Babban haɗarin shi ne tekun kansa. Gaɓar Togo tana da gangara, igiyarta tana da ƙarfi, akwai jan ruwa da ke tafiya da ƙwararren mai iyo balle yaro, don haka a kafa doka tun daga gida cewa kallo aka zo, ba a shiga ko zuwa idon sawu. Game da fitar mata, kowane gida da tsarinsa, sai dai tafiya da miji da 'ya'ya cikin sutura ba ta saɓa wa komai ba, kuma barin uwa da kaka a gida barin malaman ne a baya, don sanin ganye a hannunsu ya fi yawa.

Saura wata tambaya mai ɗaci: me ake da sanin fure a ƙasar da teku da siminti ke cinyewa? Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwan Lome a 1968, doguwar katangarta ta tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, kimanin kubik mita miliyan ɗaya a shekara. Yammacin tashar ya yi ta samun sabon rairayi, gabashinta kuma, wato Baguida da Avepozo har Agbodrafo, teku ya shiga ramawa daga ƙasa. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta rage yashin da kogin Volta ke kawowa, masu ɗibar yashin gini suka ƙara nasu kafin hukuma ta hana. A wasu wurare ruwa ya riƙa cin mitoci da dama a shekara, tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho ta nutse, gidaje da rijiyoyi da maƙabartu suka bi ta. Gonakin kwakwar da aka san yankin da su tun zamanin Jamus kuwa, wata cuta da aka fara gani a shekarun 1930, wadda aka sa wa sunan ƙauyen Kainkope na nan kusa, ta yi musu mummunar ɓarna, masu yanka fegi suka ƙarasa abin da ta bari. Yaɗon duman bakin teku ba zai tare irin wannan cin ƙasa da teku ke yi ba, aikin duwatsu ne da manyan kuɗi, kamar shirin kare gaɓar Afirka ta Yamma da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2018. Amma irin waɗannan ayyuka sukan tsaya inda mutane suka yi magana, mutane kuma ba sa magana a kan abin da ba su lura da tafiyarsa ba. Iyalin da ke bin turba ɗaya shekara da shekaru su ne za su iya cewa bara akwai bishiyar kwakwa uku a gaban wancan dutse, bana saura ɗaya, ko kududdufin da bado ke fitowa an cike shi da shara. Ɗan zangon da zai iya tashi a taron unguwa a ƙaramar hukumar Golfe 6 ya faɗi haka, da sunan wurin da shekarar, ba a yi masa kallon wanda ya zo cin kasuwa kawai.

Fitar kuma tana haɗa mutum da waɗanda suka fi shi sanin wurin. Masu lambun da ke noma karas da latas da albasa a kan rairayin gaɓar, suna ban ruwa daga rijiyoyi marasa zurfi, sun san kowace ciyawa da sunanta na Ewe, sun san wadda ke nuna gishiri ya shiga rijiya. Masunta sun san watan da manyan kifayen nan masu feso ruwa ke wucewa ta gaban Togo, daga wajen Agusta zuwa Nuwamba, sun kuma san inda kunkurun teku ke hawowa. Iri huɗu ake samu a ruwan Togo, kuma daga Satumba zuwa Fabrairu mata kan fito da dare su tona rami a yashi su zuba ƙwai wajen ɗari, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi ruwa. Ƙungiyar Agbo-Zegue da masana daga Jami'ar Lome sun daɗe suna aiki da masunta don a daina kwashe ƙwan da yanka iyayen. Mai fita da la'asar ba zai ga kunkurun ba, amma yana iya ganin sawunsa, faffaɗa kamar na tayar tarakta, daga ruwa zuwa tudu. In ya gani, abin da ake so ya hana yara tonawa, ya sanar da masu kula da wurin. Gaisuwa da tambaya ɗaya ga mai lambu ko masunci takan buɗe hirar da shekara goma ta zaman maƙwabtaka ba ta buɗe ba, kuma yaro yana tsaye yana jin ubansa, wanda ya saba gani yana ba da umarni a shago, yana tambaya ana koya masa.

Ba a buƙatar kayan aiki. Tsohon littafin rubutu ya isa, a ba babban yaro ya riƙa rubuta rana da wuri da abin da aka gani, da Hausa ko da ajami ko da Faransanci, wanda ba a san sunansa ba a ɗauki hotonsa a waya a kai wa kaka ko mai maganin gargajiya a zango. Kada a tumɓuke, kada a ɗanɗana abin da babba bai sani ba. Wanda ya fara da ruwan farko na Maris zai iso 1 ga Yuni, ranar dashen itace da Togo ke yi tun 1977, yana da masaniyar abin da ya dace da ƙasarsa, don haka in an raba dashe a makaranta ko a unguwa yana iya neman kuka ko ɗinya ko tsamiya maimakon ya karɓi duk abin da aka miƙo masa.